Bayit 6912: yadda hoto ke hawa allon tsohuwar kwamfuta da yaren C

Ranar wata Asabar ɗan ƙanwata ya same ni a gida a Tudun Wada, fuska a murtuke, littafin koyon yaren C a hammata. Ya ci jarrabawa a kan abin da suke kira foyinta, amma ko za a yanka shi bai san amfaninsa ba. "Kawu," ya ce, "an ce mana akwati ne da ke riƙe da adireshin wani akwatin. To sai me? Wa ya aike ni neman adireshi?" Ban tanka masa ba. Na jawo adakar marigayi mahaifinmu daga ƙarƙashin gado, na zaro wata 'yar baƙar na'ura mai maɓallan roba, wadda ba ta kai girman allon almajiri ba. ZX Spectrum ce, tsarabar da ya zo da ita daga Ingila lokacin da masaƙar da yake wa aiki a Kakuri ta tura shi kwas.

Kamfanin Sinclair ne ya fito da ita a 1982. Ƙwaƙwalwarta Z80 ce, memorin da ake rubutu a cikinsa kuwa bayit 49,152 ne kacal. Hoto ɗaya na wayar yaron nan ya ninka wannan sau gomomi. Ba ta da allo nata, a talabijin ake jona ta ta ramin eriya, kuma a kaset ake adana mata komai, irin kaset ɗin da muka taso muna sauraron wa'azi da waƙa a cikinsa. Wani mai gyaran rediyo ya canza mata kondensa shekarun baya, ta farfaɗo.

Na zaɓe ta ne don ba ta da ɓoye-ɓoye. A wayar zamani, tsakanin manhajar da ka rubuta da hasken da ido ke gani akwai 'yan tsakani rututu, kowa da ladansa, kai dai ka ce "nuna hoto" a nuna. A Spectrum babu dillali. Memori jerin gurabe ne kamar shagunan kasuwa, kowane gurbi da lambarsa, kowanne yana ɗaukar bayit ɗaya, wato adadi daga 0 zuwa 255. Sai aka keɓe wani layin shaguna, daga lamba 16384 zuwa 23295, aka ɗora wa wani aisi, wato ɗan guntun lantarki da ke cikin na'urar, mai suna ULA aikin zagaya su sau hamsin a kowace daƙiƙa, yana aika wa talabijin duk abin da ya tarar. Wannan yanki shi ne memorin allo. Ka zuba adadi a ciki, ya fito a talabijin. ULA ba ya tambayar wa ya zuba ko don me.

Lissafin ba shi da wuya. Allon ɗigo 256 ne a kwance, 192 a tsaye. Kowane bayit yana ɗauke da bit takwas, kowane bit ɗigo ɗaya: in 1 ne an ɗiga tawada, in 0 ne an bar takarda. Ke nan layi ɗaya bayit 32 ne, layi 192 kuma bayit 6144. Ƙara 768 na launi, da za mu zo kansu, ka sami 6912. Duk hoton da ya taɓa cika allon wannan na'ura, girmansa ke nan, ba ragi ba ƙari.

A nan foyinta ya sami aikin yi. Na sa yaron ya rubuta layi biyu a laftof ɗinsa:

unsigned char *allo = (unsigned char *)16384;
*allo = 255;

Na farko yana cewa: daga yau sunan nan allo yatsa ne da ke nuna gurbi na 16384. Na biyu yana cewa: inda yatsan ke nunawa, zuba 255. Adadin 255 kuwa bit takwas ne duk a kunne. Muka bai wa tafinta, wato manhajar da ke juya C zuwa yaren inji. Ga Z80 wanda aka fi amfani da shi sunansa z88dk, kyauta ne. Muka mai da sakamakon sauti, muka kunna shi daga waya ta igiyar iyafis zuwa ramin da aka rubuta wa EAR a bayan na'urar. Bayan ƙarar nan mai kama da kukan gyare, wani ɗan baƙin layi, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, ya bayyana a kusurwar sama ta hagu. Yaron ya matso har hancinsa na taɓa gilashi. "Kawu, ni na sa wannan?" Na ce, "Kai ka sa, ɗana. Yanzu sa sauran 6911."

A gaskiya, a zamanin da waɗannan na'urori ke tashe, ba da C ake rubuta yawancin wasanninsu ba. Dennis Ritchie ya ƙirƙiri C ne a Bell Labs ta Amurka a farkon shekarun 1970 don manyan injina, su kuwa masu wasannin Spectrum da yaren inji suke fama kai tsaye. Sai da kwamfutocin tebur suka yi ƙarfi ne aka sami damar yin fassarar a kansu, a miƙa wa tsohuwa abin da aka gama dafawa.

Yaron ya yi abin da kowa zai yi. Ya rubuta zagaye da ke cika gurabe ɗaya bayan ɗaya, yana jiran allo ya cika daga sama zuwa ƙasa kamar ana zuba ruwa a randa ta kife. Layin farko ya cika lafiya. Bayit na 33 kuwa bai sauka a layi na biyu ba, ya yi tsalle ya dira a layi na tara. Layin da ya biyo shi a na goma sha bakwai. Sai da aka yi layi takwas a haka, a wawware, sannan alƙalamin ya koma sama ya kama layi na biyu. Ka ɗauka manomi ne mai gona takwas a jere, kowacce kunya takwas: ya yi kunyar farko a gonar farko, ya tsallaka ya yi kunyar farko a ta biyu, har ta takwas, sannan ya dawo ya fara kunya ta biyu a kowacce. In ya gama duka 64, an cika sulusin allo na sama, bayit 2048, sai ya sauka sulusi na tsakiya ya sake wannan yawon. Duk wanda ya taɓa kallon wasan Spectrum yana shigowa daga kaset ya san wannan tsarin, hoto na saƙuwa zara-zara kamar labulen kara.

Ba hauka ba ne ya sa aka yi haka. Harafi a wannan allo murabba'i ne na ɗigo takwas sau takwas, kuma da wannan shiri, nisan da ke tsakanin layin harafi da na ƙasansa bayit 256 ne cif. Adireshi a Z80 bayit biyu ne, na sama da na ƙasa, don haka sauka layi ɗaya ƙara 1 ne kawai a kan bayit na sama, aikin da ƙwaƙwalwar ke yi da umarni guda. Sannan rabin adireshi na ƙasa na kowane bayit ɗin zane daidai yake da na bayit ɗin launinsa, abin da ya bai wa ULA damar ɗebo su biyun a jere cikin sauri daga memori mai araha. An sauƙaƙa wa ƙarfe, an bar wa mai rubutu ciwon kai. In kana son adireshin layi na y, sai ka wargaza bit ɗinsa ka sake jera su:

adireshi = 16384 + ((y & 192) << 5) + ((y & 7) << 8) + ((y & 56) << 2);

Wanda ya san ciwon kansa ba ya barin na'ura ta yi wannan lissafi a kowane ɗigo. Sau ɗaya ake yin sa, a ajiye adireshin layuka 192 a jadawali, ya ci bayit 384, daga nan sai leƙawa.

Hoton da yaron ya zaɓa na kakansa ne, mai na'urar, sanye da farar riga da hula zanna. A nan muka yi karo da launi. Bayit 768 ɗin nan da suka fara daga 22528, kowanne yana mulkin murabba'i guda na ɗigo 64, kuma launi biyu kaɗai yake iya faɗa: na tawada da na takarda. Bit uku na ƙasa tawada, uku na gaba takarda, ɗaya na ƙarin haske, na ƙarshe na ƙyaftawa. Launukan takwas ne: baƙi, shuɗi, ja, shunayya, kore, ruwan sararin sama, rawaya, fari. Jan tawada a kan takarda rawaya, alal misali, 6 sau 8 ne a ƙara 2, wato 50. Inda goshi ya haɗu da bakin hula ya haɗu da bangon baya a murabba'i ɗaya, launi uku na neman kujera biyu, dole ɗaya ya haƙura. Shi ya sa hotunan Spectrum ke da ɗan dabbare-dabbaren nan a gefen abubuwa.

Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne babu ruwan ƙasa a cikin takwas ɗin. Fatar Bahaushe ba ta da gurbi a wannan tukunyar rini. Dabarar da ta rage ita ce yayyafa baƙaƙen ɗigo a kan ja, a cika su inda inuwa take, a rage a kan kunci da hanci, ido ya haɗa sauran daga nesa. Masu ɗinkin hula sun daɗe da sanin wannan: zare biyu in an jera su kusa da kusa, na uku suke haifarwa.

Duk wannan aiki, ragewa da yayyafi da jera bayit a tsarin manomin nan, a laftof ya kamata a yi shi, kuma a ganina nan ne mafi yawan masu koyo ke ɓata lokaci. Sai ka ga mutum yana so ya sa Z80 ta buɗe fayil ɗin JPEG da kanta, alhali ko wurin shimfiɗa shi ba ta da shi. A gama komai a waje, a fito da fayil mai bayit 6912 wanda ya yi daidai da memorin allo gurbi da gurbi. Daga nan ɗora hoto ya zama kwashe kaya daga wannan shago zuwa wancan:

memcpy(allo, hoto, 6912);

Ko a nan akwai zaɓi. In ka cusa hoton cikin jikin manhaja, ya zauna sau biyu ke nan a memori, ɗaya a ajiye ɗaya a allo, kuma kowanne kusan kashi ɗaya ne cikin bakwai na duk abin da kake da shi. Shi ya sa ake matse shi tukuna da manhajar matsewa irin su ZX0, a warware shi kai tsaye a kan allo, ko kuma a bar kaset ya zuba shi can ba tare da ya yada zango ba, wanda shi ne abin da umarnin LOAD "" SCREEN$ ke yi. A kaset, sautin bit 1 ya ninka na bit 0 tsawo, don haka hoton da babu komai a cikinsa yana shigowa a kimanin daƙiƙa 27, wanda ya cika maƙil da tawada kuwa sai ya kai 54. Nauyin tawada a kunne ake jin sa. Launi kuma a ƙarshe yake zuwa, tunda gurabensa ne a baya: sai an gama zanen baƙi da fari sannan rini ya sauko a kansa daga sama.

Ita kanta kwasar ba nan take ba ce. Umarnin Z80 na kwafe jeri yana cin bugu 21 a kowane bayit, agogonta kuma bugu miliyan uku da rabi ne a daƙiƙa. In ka buga lissafi, 6912 zai ɗauki fiye da zagaye biyu na ULA, kuma ULA yakan tsayar da ƙwaƙwalwa ya ce a jira shi in suka haɗu a ƙofar memori ɗaya. Ga hoton bango da za a sa sau ɗaya, ba komai. Ga wasan da abubuwa ke motsi, ba a sake zana allo duka, inda ya canza kawai ake taɓawa.

Da yaron ya ga ya gane Spectrum, sai ya ɗauka ya gama da duka. Na buɗe masa VICE, manhajar da ke kwaikwayon Commodore 64, tunda ba mu da ta gaske. Ita ma ta 1982 ce, launinta 16, kuma a cikinsu akwai ruwan ƙasa da ruwan lemo, don haka fuskar kaka ta sami mutunci. Amma gidan ba irin wancan ba ne. Aisin hotonta, VIC-II, ba ya ganin memorin 64K gaba ɗaya. Kashi ɗaya cikin huɗu yake iya hangowa a lokaci guda, kai za ka juya masa kai. Ana yin haka da bit biyu na ƙasa na gurbi 56576, kuma a juye suke: 3 na nufin kashin farko, 0 na nufin na ƙarshe. Sauran bit ɗin wannan gurbi suna da nasu aikin, har da magana da injin faifai, saboda haka wanda ya zuba adadi a ciki da garaje ba tare da ya kiyaye su ba, zai iya samun hoto ya rasa faifai.

Shahararren tsarin hoto a wannan na'ura shi ne na manhajar zane mai suna Koala Painter, kuma fayil ɗinsa bayit 10,003 ne. Biyun farko ba hoto ba ne, adireshin da za a sauke kayan ne, 24576. Sai 8000 na zane, 1000 na launi kashi na farko, 1000 na kashi na biyu, sai bayit guda na launin bango. Kowane kaso da inda za a kai shi: zanen ya zauna inda ya sauka, dubun farko a kwafe shi wani wuri cikin yankin da VIC-II ke kallo a faɗa masa ta gurbi 53272, dubu na biyu dole sai 55296 don can ne memorin launi kuma ba ya matsawa, bayit ɗin ƙarshe kuma 53281. Sannan a kunna yanayin zane a 53265, yanayin launi da yawa a 53270. A wannan yanayin ɗigo ɗaya bit biyu ne, don haka faɗin allo ya ragu daga 320 zuwa 160, a madadin haka kowane murabba'i ya sami launi huɗu.

Yaron ya manta da bayit biyun farkon nan, ya kwafe fayil ɗin tun daga kansa. Da a Spectrum ne, hoto zai ɗan gusa dama ne kawai. A Commodore kuwa bayit takwas a jere murabba'i ɗaya suke ginawa daga sama zuwa ƙasa, sannan a koma na kusa da shi. Sai kowane murabba'i ya zame layi biyu, ya ari ƙafar maƙwabcinsa ya ɗora a ka. Fuskar ta fito kamar an yayyanka ta da reza an sake liƙawa a duhu. Rabin sa'a ya yi yana zargin tafinta.

Tafintan wannan ɓangare cc65 ne, kuma yana da tarkonsa. Manhajar da ya fassara daga 2049 take farawa tana hawa sama. Tsofaffin littattafai sun saba cewa a ajiye zane a 8192, to tsakanin nan da can bayit dubu shida ne da 'yan kai, kuma manhajar C ba ta da wuyar wuce haka. Ranar da ta wuce, hotonka zai sauka a kan umarninka, na'ura ta sandare ba tare da ta ce uffan ba. Akwai kuma kalmar volatile. In kana leƙa gurbi 53266 don ka san layin da talabijin ke zanawa yanzu, dole ka shaida wa tafinta cewa wannan gurbi yana canzawa da kansa, don wani tafintan mai wayo zai leƙa sau ɗaya ya riƙe amsar har abada.

Akwai ma injin da foyinta ba ya kaiwa ga allonsa sam. MSX, wadda ta fito a 1983 kuma aka san ta a ƙasashen Larabawa da sunan Sakhr, ta ware wa aisin hotonta memori 16K nasa na kansa, ƙwaƙwalwa ba ta da mabuɗinsa. Kamar gidan kulle ne: ba ka shiga, a zaure za ka tsaya ka ba da saƙo. Ta taga mai lamba 153 kake faɗin adireshi, bayit biyu a jere, sannan ka riƙa miƙa kaya ta taga 152, aisin yana matsar da adireshin da kansa. In wani abu ya katse ka tsakanin bayit biyun adireshin nan, saƙo ya tafi wani ɗaki. In kuma ka cika gaggawar miƙawa lokacin da ake zana allo, wasu bayit su zube a hanya. Yaren C na asali bai ma san da waɗannan tagogi ba, sai da ƙarin da tafinta ya tanada.

Sai a 1987, da VGA ta zo a kwamfutocin IBM, aka sami allon da yaron ya yi zato tun farko: 320 sau 200, bayit ɗaya ɗigo ɗaya, launi 256, a jere ba tsalle, bayit 64,000. Irin injinan da da yawanmu muka fara taɓawa ke nan a bizines santa. Ko su ba su rasa ƙaya ba: fayil ɗin BMP daga layin ƙasa yake farawa, wanda bai sani ba hotonsa a kife zai fito, kuma ma'aunin launin VGA a 63 ya tsaya, ba 255 ba, sai an raba da huɗu.

Bayan sallar isha'i muka koma kan Spectrum ta gaske. Yaron ya gyara yayyafin fuska sau uku, ya matsar da hoton ɗigo huɗu zuwa sama don bakin hula ya faɗa daidai kan iyakar murabba'i, ya sadaukar da launin bango ya bar shi baƙi. Muka kunna sautin daga waya, muka kira kakarsa daga ɗaki. Ta zauna a kan tabarma tana kallon layuka na saƙuwa, hula ta fara fitowa a sulusin sama, sai ido da gemu a na tsakiya, sai wuyan riga, sannan ja da fari suka sauko a kai. Ta daɗe tana dubawa, ta gyara mayafi. "Hular dai tasa ce," ta ce. "Amma wannan hancin ba na Malam ba ne. Ku sake."